Idan Baki Ya Karkace, Ido Ya Ƙi Rufuwa: Amsoshin Likita Kan Jijiyoyin Kai

Wasiƙun wannan mako duk sun taɓo jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa su ratsa ƙofofin ƙoƙon kai zuwa ido, hanci, kunne, fuska, harshe da maƙogwaro. Ba na jini ba ne, na isar da saƙo ne. Guda 12 ne a dama, 12 a hagu, kuma da lamba muke kiran su a asibiti.

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ƙanena ɗan shekara 28 ya wayi gari bakinsa a karkace, in ya kuskure baki ruwa ya zubo, idon hagu kuma ba ya rufuwa. Wasu sun ce iska ce ta buge shi, wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Ki sa shi ya ɗaga girarsa sama, ki kalli goshin. In ɓangaren hagu ya zauna sumul babu tamoji, dama kaɗai ta tattare, to jijiya ta 7 ce, mai motsa naman fuska, ta samu matsala a kan hanyarta. In kuwa goshin ya tattare duka biyu amma baki ya karkace, wannan ya fi kama da shanyewar ɓarin jiki, domin goshi yana karɓar umarni daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu, ƙasan fuska kuwa daga ɗaya. Sannan ya miƙa hannuwansa gaba, ido a rufe, na daƙiƙa 10. Hannu ɗaya ya sauka, ko magana ta sarƙe, ko yana tangaɗi, a tafi asibiti nan take.

Yadda kika bayyana, ya fi kama da ciwon da ake jingina wa Charles Bell, likitan tiyata ɗan Sikotlan da ya yi bayanin aikin wannan jijiya a 1821. Jijiyar tana bi ta wani matsattsen rami a cikin ƙashin kunne, ta fito ta ƙasan kunne, ta rabu gida biyar a fuska. In ta kumbura, ƙashin ba ya buɗa mata, sai ta matse, saƙo ya tsaya. A kan hanya tana ba da reshe ga abin da ke samar da hawaye, da wani ɗan nama a cikin kunne mai rage ƙarfin sauti, da ɗanɗanon gaban harshe. Shi ya sa wasu ke cewa abinci ya yi lami, ko ƙara ta yi musu yawa a kunne ɗaya. Ki lura, bakin yana karkata ne zuwa ɓangaren da ke da lafiya, don shi ke da ƙarfin ja.

Maganin firednisolon yana amfani sosai in an fara shi cikin awa 72, galibi miligiram 50 zuwa 60 a rana na kimanin kwana 10. Likita ne zai rubuta, bayan ya tambayi ciwon suga da gyambon ciki, ya kuma leƙa kunnen. Ƙuraje masu ruwa a kunne na nuna ƙwayar cutar ƙarambau ce ta farka, sai an ƙara wani magani. Tsohon ciwon kunne mai fitar da ruwa da kuturta su ma suna taɓa wannan jijiya.

Abin da ya fi damuna shi ne idon. Idon da ba ya rufuwa yana bushewa, ya yi miki, har gani ya lalace. A riƙa ɗiga masa hawayen kwalba kowace awa ɗaya ko biyu da rana, da dare a sa man ido a rufe fatar da filasta, ya sa tabarau in zai hau babur. Tsaga da ƙaho ba sa sauke wannan kumburi, kwanakin magani kawai suke cinyewa. Yawanci sauƙi na farawa cikin mako 3, kuma kusan 7 cikin 10 na warkewa sarai cikin wata 3 zuwa 6. In wata 3 ta cika babu motsi, a koma asibiti.

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 62, da ciwon suga da hawan jini. Fatar idonsa ta dama ta sauko ta rufe idon, in an ɗaga yana ganin abu biyu-biyu. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, amma a kai shi yau. Jijiyoyi uku ke juya ido. Ta 6 tana kai shi waje wajen kunne, ta 4 tana kai shi ƙasa in yana kallon hanci, ta 3 kuma ita ke da sauran aikin, har da ɗaga fatar ido da ƙanƙantar da ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido in haske ya shiga. In ta 3 ta tsaya, fata ta sauko, idon ya koma waje da ƙasa.

Likita zai riƙe masa kai, ya sa ya bi yatsa da ido dama, hagu, sama da ƙasa, sannan ya haska tocila. Wannan haskawar ita ce muhimmiya. Zaren da ke ƙanƙantar da ɗigon ido yana kwance ne a gefen jijiyar ta waje, ba a tsakiyarta ba. Ciwon suga yana toshe ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da tsakiyarta, sai ɗigon ya ci gaba da aiki, kuma irin wannan kan warware cikin kimanin wata 3. Amma in wani abu ne ke danna ta daga waje, kamar jijiyar jinin da ta kumbura tana shirin fashewa, ɗigon sai ya buɗe ya ƙi amsa haske, sau da yawa tare da ciwon kai mai tsanani. Wannan na bukatar hoton jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa cikin gaggawa. Ba abin da za a tantance a gida ba ne.

Tambaya: Likita, wani zafi kamar wutar lantarki yana fizgar kuncina na dama in ina alwala ko aswaki. An cire min haƙori biyu, bai daina ba. Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Sannu Hajiya. Kada a ƙara cire wani haƙori sai an duba jijiya ta 5. Ita ke ɗauko ji daga fuska ta rassa uku, na goshi, na kunci da na muƙamuƙi, ita ce kuma ke motsa naman tauna. Zafin da ke zuwa farat ɗaya, ya yi daƙiƙoƙi ko minti biyu ya wuce, wanda taɓa fuska, tauna ko iskar hunturu ke tayarwa, alamarta ce. Sau da yawa wata jijiyar jini ce ke goga ta a inda take fitowa daga ƙwaƙwalwa. Farasitamol ba ya yi masa komai. Kabamazefin ake fara bayarwa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa. Yana iya sa jiri, kuma in ƙuraje suka fito a jiki ko baki ya yi miki, a tsaya a ga likita ranar. Za a gwada jin fuskarki da auduga a rassan uku. In wani wuri ya dushe, ko mai ciwon bai kai shekara 40 ba, a yi hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI.

Tambaya: Me ya sa likita ya ce in ce "aa", in fito da harshe, in ɗaga kafaɗa, alhali shaƙewar murya ce ta kai ni? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, jijiyoyi huɗu na ƙarshe ya duba. "Aa" na ɗaga rufin baki na can ciki, aikin ta 10 tare da ta 9. In ɓangare ɗaya ya raunana, beli yana karkata zuwa mai lafiya. Wanda wanzami ya cire wa beli tun yana jariri, rufin bakin kansa muke kallo. Kafaɗa da juya wuya na ta 11 ne. Harshe na ta 12 ne, kuma shi yana karkata zuwa ɓangaren da ya samu rauni. Wani reshen ta 10 yana sauka har ƙirji ya dawo ga maƙogwaro, don haka ƙari a ƙirji ko tiyatar maƙoƙo na iya shaƙe murya. In shaƙewar ta wuce mako 3, ko kana ƙwarewa in ka sha ruwa, ka nemi likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura.