Mai kalangu da karatun kiɗa a jami'ar Sudan

Ɗan'uwa na garin Mai Wurno, ka tambaya ko makaɗin kalangu zai iya karatun kiɗa a jami'a nan Sudan, kuma su wa ke koyarwa. Zai iya. Wurin da aka fi sani shi ne Kwalejin Kiɗa da Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan a Hartum. An kafa tushen kwalejin a 1969. A da, har malamai daga Koriya ta Arewa sun koyar a can tare da 'yan ƙasa.

Hannunka ya riga ya iya. Inda za ka sha wuya shi ne karanta rubutun kiɗa da horon kunne. Amma don Allah kada ka jingine kalangunka saboda daluka (gangar gargajiya ta Sudan) ko gangunan Turawa. Matsa tsarkiya a hammata har ganga ta bi hawa da saukar muryar Hausa ilimi ne babba, kuma ba kowane malami ya san shi ba.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tarwatsa karatu a Hartum. Kafin ka biya ko sisi, bincika wane malami ne ke koyar da ganguna yanzu, kuma a wane gari ake darasin.