Hukuncin ɗinka 'yan tsanar beyar da jera su a kabad

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni tela ce a unguwar Birni, nan Damagaram. Ina ɗinka 'yan tsana masu siffar beyar da ragowar ƙyalle, in cusa musu audugar rimi, iyaye suna saya wa yara. Kuma duk tsohuwar da na gani a gwanjo a kasuwar Dole sai in saya in jera a kabad ɗin gilashi a falo, ba na barin yara su taɓa. Ƙawata ta ce duk gumaka ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah. 'Yata, ɗinkinki halal ne, cinikinsa halal. Inda na tsaya shi ne maganarki ta "ba na barin yara su taɓa".

Haramcin sassaƙa siffar mai rai, mai inuwa (wato mai jiki, ba zane ba), cikakken gaɓoɓi, sananne ne. Kayan wasan yara kuwa an keɓe su, kamar yadda Alƙali Iyad ya naƙalto daga mafi yawan malamai. Wannan beyar ma ba daga wurin bauta ta fito ba. A shekarar 1902 aka fara yin ta a Amurka, aka laƙaba mata sunan shugabansu Theodore Roosevelt, kamfanin Steiff na Jamus ma ya fito da tasa a daidai lokacin, duk don yara.

Ƙawarki ba ita kaɗai ba ce. Ibnul Jauzi ya tafi a kan cewa wasan Nana A'isha da 'yan tsana kafin hani ne, Ibnu Baɗɗal ma ya karkata ga cewa an shafe hukuncin. Ban gamsu ba. Shafe hukunci yana bukatar a san wanne ya riga wanne, kuma ba a komawa gare shi muddin ana iya haɗa dalilan biyu. Nan ga hanyar haɗawa a fili: hanin gamamme ne, rangwamen na yara ne. Sannan a ruwayar Abu Dawud, dawowar Annabi (SAW) daga Tabuka ko Haibara ne ya ga 'yan tsananta, wato shekara ta 9 ko ta 7 bayan hijira, ba farkon zaman Madina ba. A cikinsu har da doki mai fukafukai na ƙyalle, ya yi dariya bai hana ba. Wannan dokin ya isa amsa ga masu cewa siffar yarinya kaɗai aka yarda, ban da dabba. Abin da aka ruwaito daga Imam Malik, cewa ya ƙi uba ya saya wa 'yarsa 'yar tsana, karhanci ne, bai kai haram ba.

To amma dalilin rangwamen shi ne wasa: yaro ya goya, ya ja a ƙasa, ya kwana a kai. Wadda aka kulle a gilashi ana share mata ƙura ta zama ado, ta koma ƙarƙashin hanin farko. Ki sauko da su, ki wanke, ki shanya a rana, ki raba wa yaran gida da marayun unguwa. Wadda kika kasa rabuwa da ita, ki cire kanta. In kuma jira kike su yi tsada don kin ji Turawa na zuba kuɗi a kan tsofaffin Steiff masu maɓalli a kunne, mai sayen ma jerawa zai yi, kada ki taya shi.

Sauran nasiha ce. Idon maɓalli ko dutsen ado jariri na ciro shi ya haɗiye, ki riƙa yin idon da zare. Ranar da rimi ta ƙare kika cusa tsumma, ki faɗa wa mai saye, ɓoyewa algus ne. Saurayin da ya zo ana gab da 14 ga Fabrairu, ranar masoya, yana neman jar beyar mai zanen zuciya, kin san ba ƙanwarsa zai kai wa ba, ki ba shi haƙuri. Kuɗin da kike kaiwa gwanjo kuma, ki fara duba ko akwai bashin zare da yadi a kanki. Allah ne mafi sani.