Amsa: Shin Yahudawan da ke sansanonin aikin tilas suna samun wasiƙa daga gida?

Malama, kin tambaya ko da gaske ne Yahudawan da 'yan Nazi suka kwashe zuwa aikin tilas suna iya rubuta wa danginsu. Gaskiya ne, amma ba a ko'ina ba, kuma ba har ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ba.

Ki duba labarin Sala Garncarz, 'yar garin Sosnowiec a Poland. A watan Oktoba na 1940, tana da shekara 16, ta tafi sansanin Geppersdorf a madadin yayarta Raizel, aka ce mata mako shida za ta yi. Sai da ta kusan shekara biyar, a sansanoni bakwai. A sansanonin hukumar Schmelt, wato hukumar 'yan Nazi mai kula da aikin tilas a yankin, har da na Geppersdorf, ana barin wasiƙa ta shiga ta fita, muddin da Jamusanci aka rubuta, kuma sai mai tacewa ya karanta ya buga hatimi. Don haka ba a faɗin komai kai tsaye. Yunwa da kame sai a zance mai harshen damo, wanda ɗan gida kaɗai zai gane.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yadda ta adana takardu sama da 300, tana ɓoye su duk lokacin bincike, alhali kama ta da su na iya jawo mata azaba. Iyayenta kuwa an kashe su a Auschwitz, sansanin kisan gilla na 'yan Nazi, wasiƙun ma suka yi ta raguwa har suka yanke.

Ba ta nuna wa 'yarta su ba sai 1991. Yanzu suna babban ɗakin karatu na birnin New York.