Amsa: Me ya sa har yau ake girmama Hank Aaron?

Malam, ka tambaya me ya sa Amurkawa ke ɗaukaka Hank Aaron, ɗan wasan ƙwallon baseball, alhali Barry Bonds ya wuce shi a yawan hom-ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake shingen fili. Gaskiya ne, Bonds yana da 762, Aaron 755. Sai dai zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari ya shafa wa Bonds kashin kaji, shi kuwa Aaron irin wannan zargi bai ɓata masa suna ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne dauriyarsa. Bai taɓa buga hom-ron 50 a kaka ɗaya ba, mafi yawansa 47, amma ya yi kaka 23 yana zuba su, daga 1954 zuwa 1976.

Ga kuma halin da ya shiga. Baƙar fata ne ɗan Alabama, kuma da ya tunkari tarihin hom-ron 714 na Babe Ruth, ɗan wasan da ya fi kowa yawansu a lokacin, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka riƙa zuwa masa, har aka haɗa shi da mai gadi. Ranar 8 ga Afrilu 1974 a Atlanta ya buga na 715. Mahaifiyarsa ta shigo fili ta rungume shi gam.