Tsuntsayen Dadin Kowa da Maganar Lensi: Babba Zan Saya Ko Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai hoton biki ne a garin Gombe, ina aiki da ƙaramar Canon mai lensi 18-55mm. Kwanan nan na fara zuwa madatsar Dadin Kowa ina gwada ɗaukar tsuntsayen ruwa suna tashi, amma ko dai tsuntsun ya fito ɗan ƙil a tsakiyar hoto, ko kuma ya fito dishi-dishi. Abokaina sun ce sai na sayi lensi mai 600mm. Shin haka ne? Kuɗin ba kaɗan ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ka kawo, kuɗi kuma ɗaya kawai zai magance. Ƙanƙantar tsuntsu laifin lensi ne. Dishi-dishin kuwa, ko lensin da ya fi kowane tsada ka ɗaura zai biyo ka, matuƙar ba ka canza saitin da ka saba da shi a wurin biki ba.

Amarya tana tsaye tana jiran ka, shi ya sa saurin ƙiftawar kyamara na 1/125 na sakan yake isar ka. Kirinjijiya da ta taso daga ruwa ba ta jiran kowa. Ka kai saurin 1/2000, ko sama da haka ga ƙananan tsuntsaye. Manya masu kaɗa fiffike a hankali, irin su zalɓe da dinya, 1/1000 yakan tsayar da su. Buɗe lensin iyakarsa, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau da kansa, ko da zai kai 1600 ya sa hoton ya ɗan yi tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ana gyara shi a kwamfuta. Wanda ya girgiza sai shara. Sannan ka mai da fokos kan wanda yake bin abu mai motsi, wato AI Servo a Canon, AF-C a Nikon da Sony, ka kunna ɗauka a jere. Na'urar hana girgiza da masu shago suke kururutawa rawar hannunka kawai take ragewa, ba ruwanta da fiffiken tsuntsu.

Yanzu ga lensin. Kyamara irin taka ƙaramar sensa ce da ita, wato farantin da hoto yake sauka a kai, tana yanke gefen hoto, don haka tsawon lensi a kanta kamar an ninka shi ne da 1.6. Lensi 300mm zai ba ka abin da 480mm yake bayarwa a babbar kyamara, 400mm kuma ya zama kamar 640mm. Ka ga ke nan abin da abokanka suke faɗa ya kusa zuwa hannunka ba tare da ka sayi 600 ba.

In aljihu bai yi nauyi ba, fara da 70-300mm. Ba shi da nauyi, kuma zai yi maka aiki a wurin ɗaurin aure da hawan sallah. In da hali, abin da zan zaɓar maka shi ne wanda ya kai 400mm: ko dai 100-400mm, ko tsohon Canon 400mm f/5.6, wanda nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da kwata ba. Ba shi da na'urar hana girgiza, amma fokos ɗinsa yana da sauri, masu hoton tsuntsu a sama sun daɗe suna yabonsa. Su 150-600mm na Sigma da Tamron ba na kushe su, suna da kyau ga tsuntsun da yake zaune can nesa. Sai dai kusan kilo biyu ne, kuma a 600mm buɗewarsu f/6.3 ce, haske kaɗan suke sha, don lambar f in ta hau, ƙofar haske tsukewa take yi. Ɗaga kilo biyu a gaban fuska kana juyawa da shi, kafin hantsi kafaɗa ta fara kuka. Ga kuma abin da ba a gaya wa sabon shiga: a 600mm sararin da kake gani ya matse ƙwarai, nemo tsuntsu mai gudu a ciki kamar zura zare ne a allura kana tafiya. Shi ya sa na fi son mai zum, wato wanda ake ƙara tsawonsa ana ragewa, ga mai koyo. Ka ja baya zuwa 200, ka kamo tsuntsun, sannan ka matso da shi.

Wani zai ce ka sayi ɗan gilashin nan na ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da lensi, mai ninka tsawon lensin da 1.4. Yana cinye rabin haske, f/5.6 ya koma f/8, kuma ƙananan kyamarori da yawa fokos ɗinsu yakan daina kamawa a nan. Bar shi tukuna. In lensi na hannu za ka saya, cire murfi biyun, haska tocilan waya ta ciki, ka duba ko akwai farin zare-zare kamar saƙar gizo. Funfuna ce, kada ka karɓa ko an rage maka.

Abin da ya fi lensi shi ne inda ka tsaya. Tsuntsu yana tashi yana kuma sauka ne da fuskarsa ga iska. Mu nan Allah Ya yi mana gata: a lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, rana kuma da safe tana gabas. In ka sami gaɓar da ruwa yake yamma da kai, rana da iska duk suna bayanka, tsuntsayen za su taso suna fuskantar ka da haske a ƙirjinsu, har ka ga ɗigon haske a ido. Lokacin ne kuma baƙin tsuntsaye daga Turai suke nan, daga wajen Oktoba zuwa Maris. Ka je bayan asuba, ka zauna ƙasa da tufa mara ɗaukar ido, ka bar su su saba da kai. Ranar da hazo ya yi kauri, ko rana ta take iska tana rawa a kan ruwa, dogon lensi ba ya ƙara komai sai dusashewa. Matsowa ita ce magani.

Balbela ce malamarka. Tana ko'ina, ba ta tsoron mutum, tashinta a hankali. Bi garken shanu da yamma ka yi ta gwaji a kanta. Farinta zai koya maka haske: in bayanta duhun itatuwa ne, rage haske kaɗan don kada gashin ya ƙone ya zama farin fili, in shirwa ce a farin sama, ƙara haske, in ba haka ba inuwa kawai za ka samu. Kana bin tsuntsu ka manne gwiwar hannu da haƙarƙari, ka juya daga ƙugu, kada ka tsaya cak da ka danna.

Ƙurar hunturu kuwa, kada ka sauya lensi a fili. Ɗaura shi tun daga gida. Ka gaisa da masunta, sun san inda tsuntsaye suke kwana fiye da ni da kai, su ne kuma za su nuna maka inda dorina take, don akwai ta a ruwan. In ka kusanci jikin madatsar da injinanta, nemi izinin masu gadi kafin ka ɗaga dogon lensi. Ranar da hannunka ya faɗa, Yankari tana nan a Bauchi da tsuntsu sama da iri 350, bakin kogin Gaji ma kaɗai ya ishe ka wuni.