Rainon kwikwiyo domin ya yi wa Baba jagora: abin da na sani

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya da haƙuri. Kin ce hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, ƙaninki ɗan firamare ne ke riƙe masa sanda zuwa masallaci da kasuwa har karatunsa ya fara lalacewa, shi ya sa kike son ki sayi kwikwiyo ki raine shi ya zama ɗan jagora kamar yadda kika gani a bidiyo. Na yi irin wannan rainon lokacin da muke zaune a Ingila, kafin mu dawo Gombe.

Mai raino daban, mai horarwa daban. Ƙungiyar taimakon makafi ce ke da karen. Ita ke zaɓar iyayensa, galibi jinsin Labrador ko Golden Retriever saboda sanyin halinsu, sai ta ba ɗan sa kai kwikwiyon yana ɗan wata biyu, ya riƙe shi shekara ɗaya da 'yan watanni. Aikina shi ne tarbiyya kawai: kada ya yi ba-haya sai an ba shi izini, kada ya ɗauki abinci a ƙasa, kada ya bi kyanwa, kada ƙarar mota ta firgita shi. Nakan shiga motar haya da shi in sa shi ya kwanta a ƙarƙashin kujera. Nakan ajiye tsokar kaza a gabansa, yawu na zuba, yana kallon fuskata, ba zai taɓa ba sai na yi magana. Wannan kaɗai ya ci watanni. Ranar da suka zo ɗaukarsa yarana sun yi kuka sosai, ni ma zuciyata ta yi nauyi, domin amana ce aka ba mu, lokacin mayar da ita ya yi.

Daga nan ne ƙwararru ke karɓarsa su yi wata da watanni suna koya masa ainihin aikin: tsayawa a bakin titi, kauce wa rami, lura da reshen da zai bugi kan mutum ko da shi karen zai wuce ta ƙasa. Mafi wuya shi ne ya ƙi bin umarni idan akwai haɗari, wato maigidan ya ce a tsallaka, shi kuma ya ga mota ya kafe. Karnuka da yawa ba sa cin wannan jarrabawa, sai a sauya musu aiki. Wanda ya ci ma, sai an haɗa shi da makahon an horar da su tare. Kuma kare bai san hanyar Tashar Dukku ba. Mutumin ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, yana saurarar motoci, yana ba da umarni.

Tsarin ya daɗe. Jamus ta buɗe makarantar horar da karnukan jagora ta farko a 1916 domin sojojin da suka makance a yaƙin duniya na ɗaya, Amurka ta bi a 1929, Ingila a 1931, Afirka ta Kudu a 1953. Irin wannan makarantar ce ba mu da ita a Gombe, shi ya sa nake roƙon ki kada ki damƙa ran Baba a hannun karen da aka koya wa aiki a tsakar gida. Ki tuna hanyar babbar kasuwa: kwata a buɗe, Keke Napep na fitowa ta ko'ina, awaki na gilmawa, yara na jifan duk karen da suka gani. Ga kwaltar watan Afrilu da ke ƙona tafin ƙafarsa. Ga kuɗin abinci, maganin kaska da allurar haukan kare.

Batun addini da wasu suka tayar, wato ko ya halatta musulmi ya ajiye kare, ni ba malama ba ce, ki kai wa malamin unguwarku. Amma hadisi ya halatta ajiye kare don farauta, kiwo da gadin gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. A 2008 malamai a Ingila sun ba da fatawa wani matashi makaho a birnin Lesta ya riƙa zuwa masallaci da karensa, aka keɓe wa karen wuri nesa da sahu. Sai dai fatawa ba ta sauya kallon maƙwabta rana ɗaya, kuma Baba ne zai sha kallon, don haka a ji ra'ayinsa tukuna.

Abin da zan ce ki fara da shi farar sanda ce. Ko a Ingila, sai mutum ya iya tafiya da kansa ake ba shi kare. Ki nemi malaman makarantar masu buƙata ta musamman, ko ki je wajen Sarkin Makafi ya haɗa ki da wanda ya ƙware. A fara da hanya ɗaya tak, daga ƙofar gida zuwa masallaci, bayan asuba kafin titi ya cika, babba na biye da shi a baya ba tare da ya riƙe shi ba. A rufe kwatar ƙofar gida da katako. Zuwa kasuwa kuwa, manyan gida su raba kwanaki a tsakaninsu, yaron ya koma aji ranar Litinin. Sannan ku da kuke 'ya'yansa ku je a auna idonku, domin wannan ciwo yana bin jini, kuma ba ya ba da alama sai ya yi ɓarna.