Shin da gaske akwai rigakafin sarar maciji?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Na ga ana ta yaɗa labarin wani Ba'amurke da macizai suka sara sama da sau 200 har jininsa ya zama magani. Maigidana manomi ne, ga kaka ta zo, ya ce zai je wurin mai maganin maciji a yi masa tsaga a shafa magani, wai tunda Turawa ma sun tabbatar. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki lallashe shi ya fasa, in da hali ki karanta masa wannan.

Labarin gaskiya ne. Sunan mutumin Tim Friede, kusan shekara 18 ya yi yana yi wa kansa allurar dafi kaɗan-kaɗan, kuma a 2001 gamsheƙa biyu suka sare shi ya yi kwanaki a sume a asibiti. A watan Mayun 2025 mujallar Cell ta buga binciken da aka ciro sinadaran garkuwar jiki biyu daga jininsa, aka haɗa da wani magani varespladib, aka gwada da dafin macizai iri 19, ya kare ɓeraye gaba ɗaya daga 13. Ɓeraye fa, ba mutane ba. Sannan duka 19 ɗin dangin gamsheƙa da mamba ne, alhali mu wadda ke gama mana da manoma a Gombe da Filato da Taraba kububuwa ce, ita dafinta hana jini daskarewa yake yi.

To nan ne raina yake ɓaci. Mutumin da aka yi wa tsaga sai ya ɗauka ya gagari maciji, ya shiga gona da silifas, ya cusa hannu cikin damin gero ko duba ba ya yi, in an sare shi kuma ba asibiti zai nufa ba, wurin mai tsagar zai koma, a ɗaure ƙafa tamau da kyauro, a sa reza a ƙara yankawa, a tsotsa, a manna baƙin dutse. Reza a jikin wanda jininsa ya daina daskarewa! Kuma muguntar kububuwa ita ce mutum zai iya wuni yana hira lafiya ƙalau, sai daga baya jini ya fara fita ta dasashi da fitsari, wani ma ya zuba a ƙwaƙwalwa. Sai a kawo mana shi bayan kwana uku ƙafa ta kumbura ta yi baƙi a ce likita yi wani abu.

Za a ce ai wane ya sha maganin gargajiya ya warke. E, ya warke, domin ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma wani lokacin yana sara bai zuba ba. Waɗannan ko ruwan randa aka ba su za su tashi, mai magani ya kwashe yabo da kuɗi. Waɗanda suka mutu a hannunsa kuwa sai a ce kwana ne ya ƙare.

Kuɗin tsagar nan ya sayi dogon takalmin roba da tocila. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, a cire zobe da duk abin da zai matse, kar ya taka ƙafar, a ɗauke shi a mashin ko mota kai tsaye zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi irin EchiTAb, kamar na Kaltungo a Gombe ko na Zamko a Filato. Za a zuba jininsa a kwalba a jira minti 20, in bai daskare ba a sa masa allurar nan take. Tun yau ku tambayi asibitin da ya fi kusa da ku ko suna da ita, don sau da yawa takan yanke, kuma ba da tsakar dare ya kamata ku gano hakan ba.